Manhajar Shiga Intanet ta Wayar Salula da Rubutun Hausa: Sharhi

Duk littafin da za a kai ajin yaƙi da jahilci sai ya bi ta hannun masu dubawa. Akan duba baƙaƙensa da wasulansa, a duba yadda aka raba kalmomi, a duba ko kalmomin da aka zaɓa irin waɗanda manomi da mai sana'a suka sani ne, sa'an nan a ba da izinin bugawa. An saba da wannan aiki a ƙasar nan tun cikin shekarun 1960, sa'ad da aka soma karatun manya da harsunan gida. To, amma akwai wani abin karantawa da ya shiga hannun ɗalibai bai bi ta wannan ƙofa ba, watau wayar salula, musamman ma manhajar da ke cikinta wadda ake shiga intanet da ita, wadda ake kira burauza. Wanda ya gama aji a Madawa ko Tasawa ko Mirya, littafin da aka ba shi yana da iyaka, in ya kai bangon ƙarshe shi ke nan. Waya kuwa kullum tana aljihu, kullum kuma da sabon abin karantawa a cikinta. In tasa ƙarama ce, ta ɗansa ko ta maƙwabcinsa tana shiga intanet. Ra'ayinmu a wannan maƙala shi ne, tun da burauza ta zama littafin karatu, ya kamata a auna ta da mudun da ake auna littafi. In an yi haka za a tarar aikinta na kai mutum ga shafi ya yi kyau ƙwarai, amma abin da take koya wa mai karatu game da rubutun harshensa, yawancinsa warware abin da malamin aji ya saƙa ne.

1. Yadda aka ƙera ta

Ba za a gane inda gyara yake ba sai an san dalilin da ya sa aka ƙera waɗannan manhajoji yadda aka ƙera su. A 1997 waɗansu manyan kamfanonin waya, cikinsu har da Nokia da Ericsson da Motorola, suka haɗa kai a kan wani tsari mai suna WAP, domin ƙaramar waya ta iya buɗe shafi. Nokia 7110, wadda ta fito a 1999, tana cikin wayoyin farko masu wannan tsari. Shafukan WAP guntaye ne, kuma sai an rubuta su musamman, saboda haka tsarin bai yi nisa ba. Abin da ya buɗe wa mai ƙaramar waya intanet a Afirka shi ne Opera Mini, wadda kamfanin Opera na ƙasar Norwe ya gwada a gida a 2005, ya sake ta ga duniya a farkon 2006. A Nijar kuwa ba a daɗe da sanin wayar salula ba wannan manhaja ta iso.

Dabarar Opera Mini ita ce, ba waya ce ke zuwa ta ɗauko shafi da kanta ba. Mutum yakan rubuta adireshi, waya ta aika shi ga babbar kwamfutar kamfanin, ita kuma ta je ta ɗauko shafin, ta sassaƙe shi, ta rage nauyin hotuna, ta matse shi, sa'an nan ta turo wa waya abin da ya saura. Kamfanin ya ce ragin yakan kai kashi 90 cikin 100. Ga wanda ke sayen mega da ƴan kuɗin da ya rage a cefane, a wurin da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, wannan taimako ne babba, kuma bai kamata mai sharhi ya raina shi ba. Waɗansu kamfanoni sun bi wannan sawu, kamar UC Browser ta ƙasar Sin. Daga baya aka fito da wata hanyar, watau a bar mutum ya shiga waɗansu zaɓaɓɓun shafuka kyauta: Wikipedia Zero daga 2012 zuwa 2018, da shirin Facebook wanda aka soma da sunan Internet.org a 2013, aka sake masa suna Free Basics a 2015, ya shiga Nijeriya a 2016 ta hannun Airtel. Hukumar sadarwa ta Indiya ta hana irin wannan shiri a Fabrairun 2016, bisa hujjar cewa yana fifita waɗansu shafuka a kan waɗansu. A 2017 ƙungiyar Global Voices ta duba Free Basics a ƙasashe 6, har da Gana da Kenya, kuma cikin abubuwan da ta yi kuka da su akwai ƙarancin harsunan gida.

Abu ɗaya ya haɗa waɗannan duka: an gina su ne a kan ragi. Duk abin da aka ga shafi zai iya rayuwa ba tare da shi ba, sai a zubar. Tambayar da ta shafe mu ita ce, sa'ad da ake ragin nan, a wane ɓangare baƙaƙen Hausa suka faɗa.

2. Baƙaƙe huɗu

Hausa tana rubutuwa da boko, amma tana da baƙaƙe huɗu waɗanda babu su a Turanci ko Faransanci: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ba yau aka samu daidaito a kansu ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ɗigo yake sa wa a ƙarƙashi. Baƙaƙe masu ƙugiya sun kafu ne a Zariya cikin shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta soma fitowa a Janairun 1939, ta yaɗa su. An yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, a 1999 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Nijar ta fito da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a ƙasar. Aikin fiye da shekara 60 ke nan. Dalilin wahalar kuwa sananne ne ga duk malamin aji: kishi daban, ƙishi daban, fada wurin sarki ce, faɗa kuwa abin da ake kai ƙara saboda shi, wanda ya taka ƙaya bai taka kaya ba, baki da baƙi, saka da saƙa, kare da ƙare, haka nan har a gaji da lissafi. Gwanin karatu yakan cinci ma'ana daga zance ko da babu ƙugiya. Sabon ɗalibi, wanda ke bin baƙi ɗaya ɗaya, ba shi da wannan dama, shi ne kuma abin damuwarmu.

Tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi na duniya lambarsa a kwamfuta, ya ƙunshi baƙaƙen nan tun farkon shekarun 1990. Saboda haka ba a manta da su ba. Sai dai wurin da aka ajiye su ya jawo matsala. Ƙaramin ƙ da ƙaramin ƴ da manyan baƙaƙen duka huɗu suna cikin wani rukuni na ƙarin haruffan boko, amma ƙaramin ɓ da ƙaramin ɗ an sa su a rukunin alamomin ilmin furuci, watau waɗanda masana harsuna ke amfani da su a nazari. Mai zana haruffan waya kuwa ba duka rukunonin yake zanawa ba, yakan ɗauki waɗanda kasuwarsa ke bukata ya bar saura, kuma ba ya tsammanin wani zai karanta labarin duniya da alamomin ilmin furuci. Shi ya sa a tsofaffin wayoyi akan ga ɗan akwati fanko ko alamar tambaya a inda ƙugiya ya kamata ta fito, wani lokaci ma baƙi ɗaya ya fito ɗan'uwansa ya ƙi.

A babbar kwamfuta mai shafi yana da mafita, yana iya haɗa shafinsa da nasa zubin haruffa, burauza ta sauke su tare. Opera Mini kuwa, a yanayinta na matsi mai tsanani, ba ta sauke irin waɗannan haruffa, domin suna da nauyi. Da abin da ke cikin waya take aiki. Abin lura a nan shi ne, kamfanin ya san da irin wannan matsala. A cikin ɓoyayyun saitunan manhajar akwai wani zaɓi da ke sa babbar kwamfuta ta zana rubutu kamar hoto ta turo, an kuma yi shi ne saboda rubuce-rubuce masu sarƙaƙiya irin na Indiya, waɗanda in babu shi shafi duka ba ya karantuwa. Hausa ba ta cikin wannan aji. Shafinta yana karantuwa kashi mafi yawa, sai ɗan gurbi nan da can, don haka ciwonta bai kai a kira likita ba. Mai shafi da ya ga masu karatunsa suna ganin akwatuna, sai ya yi abin da ya fi sauƙi, ya zubar da ƙugiya gaba ɗaya. Shekaru da dama shafukan Hausa masu yawa haka suka fito, har da na labarai waɗanda mutane ke ɗauka abin koyi ne.

Wannan ya zo ya tarar da wata ɗabi'a wadda guntun saƙon waya ya riga ya shuka. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160 muddin an tsaya ga jerin haruffan tsarin GSM. A cikin jerin nan akwai é da è da à da ù, babu ko ɗaya daga baƙaƙen Hausa. Da zarar an sa harafi ɗaya wanda ba ya cikin jerin, sai saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kawai. Watau wanda ya rubuta Hausa daidai, in ma wayarsa ta yarda, yana iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku a kan abin da wanda ya rubuta kure zai biya kuɗin ɗaya. Ba a taɓa sa wa ƙa'idar rubutu haraji a fili kamar haka ba. Wannan ya shafi masu tsara karatun manya kai tsaye. Shirin ABC, wanda aka gudanar a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010, wanda kuma Jenny Aker da abokan aikinta suka buga sakamakonsa a 2012, ya nuna cewa ɗaliban da aka koya wa amfani da waya sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, an kuma yi ta ambatonsa. Abin da ya kamata a ƙara a kai shi ne, ƙananan wayoyin wancan zamani, inda madanni na 2 ke ɗauke da a, b, c, na 5 kuma j, k, l, ba su da gurbin ɓ ko ƙ. Ɗalibi yana samun yawan gwaji, amma gwajin rubutun da ya saɓa wa na allo.

Yau wannan uzuri ya kau. Manyan wayoyin zamani suna nuna baƙaƙen huɗu lafiya lau, akwai kuma allunan madannai masu Hausa, kamar Gboard na Google da Keyman na SIL. Nauyin baƙi mai ƙugiya a shafi bai wuce ninki biyu na baƙi marar ƙugiya ba, abin da ba zai ci ko dala ɗaya a kuɗin mega ba. Amma ɗabi'a ta riga ta zauna, har ta haifi ƴaƴa. Wanda ke jin bambancin furuci a bakinsa, bai kuwa san inda baƙin yake a waya ba, sai ya ƙirƙiro tasa hanya. Wani ya rubuta q a madadin ƙ, ya ce qasa. Wani ya sa ɗaurin magana kafin baƙi, wani bayansa. Wani ya danne d ya ɗauki đ, wanda na Kuroshiya da Biyetnam ne, ko ya danne k ya ɗauki ķ na Latbiya, don sun yi kama da abin da yake nema. Wannan ba abin ba'a ba ne. Shaida ce cewa mai rubutu yana son bambancin, kayan aiki ne suka gaza masa.

Inda abin ya fi muni shi ne wajen nema, wanda kuwa shi ne rabin aikin burauza. A tsarin Unicode, é na Faransanci ana iya warware shi gida biyu, e da alamar da ke kansa. Saboda haka manhaja tana iya ture alamar a lokacin nema, wanda ya rubuta kalma da alama da wanda ya rubuta ba alama su sami abu ɗaya. Baƙin ƙ ba ya warwaruwa haka. Harafi ne mai zaman kansa, kuma a wurin na'ura babu dangantaka tsakaninsa da k sai in wani ya zauna ya rubuta wannan ƙa'ida musamman. A ilmin harshe wannan daidai ne, haka ma muka koyar. A aikace kuwa ga abin da yake jawowa: mai bin ƙa'ida ya nemi ƙasa a cikin shafin da aka rubuta kasa, yana iya komawa hannu rabbana, marar bin ƙa'ida ya nemi kasa, ya sami abin da yake so haɗe da maciji. Ƙa'ida ta zama asara ga mai binta.

Batun ƴ ya fi haka rikici. A Nijar baƙi guda ne. A Nijeriya an fi rubuta y da ɗaurin magana a gabansa, ɗaurin maganar nan kuwa yana da aƙalla siffa uku a Unicode, kowace da lambarta: miƙaƙƙe na tafireta, lanƙwasasshe wanda waya kan sa da kanta, da wani na uku wanda aka tanada don ya zama harafi. Ido yana ganinsu kusan ɗaya, na'ura tana ƙirga su uku. In an haɗa da masu zubar da alamar ɗungum, kalmar ƴaƴa tana yawo a intanet da kamanni biyar ko fiye, ɗaya daga ciki ma ta haɗu da yaya. A nan zaɓin Nijar ya fi dacewa da na'ura, domin baƙi guda ba ya rabuwa, ba a kuma ɗaukarsa a matsayin alamar buɗe zance. Amma yawancin abin da aka rubuta da Hausa a intanet daga Nijeriya ya fito, saboda haka ɗalibin Maraɗi da ya nemi ƴan kasuwa yadda aka koya masa, shi ne ke cikin haɗarin rasa shafukan Kano da Katsina. Abin da ake bukata ƙarami ne, watau jadawalin da zai gaya wa injin nema cewa waɗannan siffofi kalma ɗaya ce, ya kuma sa mai bin ƙa'ida a gaba. Aikin masana harshe ne su rubuta shi, domin injiniya a Kalifoniya ko Oslo ba shi da hanyar sanin cewa qasa da ƙasa abu ɗaya ne.

Ko adireshin shafi bai tsira ba. In sunan shafi yana da ɗ, sa'ad da aka kwafe adireshin don a tura wa wani, Maraɗi yakan koma Mara%C9%97i. Yana aiki, amma ba ya karantuwa.

3. Kalmomin da ke jikin manhaja

Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a Disamban 2013, Facebook kuma ya fito da fuskarsa ta Hausa a 2016. Tun daga nan an sami kalmomi da yawa na aikin intanet, waɗansu sun zauna da kyau. Yanar gizo ta kama bakin kowa, kuma hoton da ke cikinta na Bahaushe ne. Shafi, saukewa, kalmar sirri, manhaja, duk ba su da laifi. Manhaja ma ta taso ne daga makaranta ta sami sabon aiki ba tare da gardama ba.

Waɗansu kuwa an bi ƙamus ne ba a bi ma'ana ba. Akan ga lilo a matsayin yawo cikin shafuka, har a ce wa burauza mai lilo. Lilo wasan yara ne a reshen itace, ana zuwa ana dawowa a wuri ɗaya, abin da mai bincike ba ya fata. Akan ga gida a madannin da ke mai da mutum shafin farko, alhali kuwa shafin farko da kansa ya isa suna. Uwar garke, wadda ake ce wa babbar kwamfutar da ke ajiye shafuka, tana da daɗin ji, amma makiyayi zai ɗauka ita ce ke gaba saura na binta, ba ita ke riƙe da kaya ba. Rumbu ya fi kusa. Wanda ya fi damunmu shi ne tarihi. Ga Bahaushe tarihi labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da asalin garuruwa. Abin da burauza ke ajiyewa kuwa jerin wuraren da mutum ya taka ne, watau sawu. Wannan ba zancen ado ba ne. A gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata da ƴaƴa, ko a ba da ita wurin mai caji a kasuwa ta wuni. Matar da ta nemi bayani a kan wani ciwo da ba ta son a sani, in ta ga an rubuta share sawu, nan take za ta gane abin da ake nufi. In ta ga goge tarihi, da wuya ta san da ita ake. Haka nan kukis, wanda ake tambayar mutum ko ya yarda da shi a kusan kowane shafi. An ari sautin kalmar an bar ma'anarta a can, mutum yana danna na yarda bai san cewa alama ce ake ɗaura wa wayarsa don a gane shi in ya dawo ba. Yardar da aka karɓa da kalmar da mai yarda bai sani ba, ko a cinikin akuya ba a ɗaukarta yarda.

Akwai kuma bambancin aro. Inda mutumin Kano zai ce sabis, mutumin Tawa rezo zai ce, domin kowa daga harshen da ya mulke shi ya ara. Masu fassara manhajoji galibi da mai karatun Nijeriya suke magana, kalmomin aronsu na Turanci ne. Ba mu ganin maganin wannan shi ne a yi fassara biyu. Gara a rage aro daga kowane ɓangare a inda Hausa ke da kalmarta, a bar aro ga abin da ba makawa.

4. Wa ake ƙirgawa

Akwai wani abu da burauza ke yi a ɓoye wanda ya kamata masu tsara manufar harshe su sani. Duk sa'ad da ta nemi shafi, takan haɗa da ɗan bayani na harsunan da mai waya ya fi so, bisa ga yadda aka saita wayar. Da wannan ne shafi mai harsuna da yawa ke zaɓen wanda zai nuna, da shi ne kuma masu shafuka ke ƙirga yawan masu karatu na kowane harshe, su yanke shawarar wanda ya cancanci a kashe kuɗin fassara dominsa. Hausa tana da alamarta a wannan tsari, ha, har ma da rassa: ha-NE ta Nijar, ha-NG ta Nijeriya, ha-GH ta Gana. To, amma waya a kasuwar Yamai ko Damagaram da Faransanci ake sayar da ita, ko da Turanci in ta ƙetaro iyaka, mai saye kuwa ba safai yake taɓa wannan saiti ba. Saboda haka manomin da ba ya jin Faransanci ko kaɗan, duk shafin da ya buɗe, wayarsa tana shaida cewa shi mai Faransanci ne. Mai shafi ya duba lissafinsa ya ga babu masu Hausa, ya ƙi fassarawa. Mai Hausa ya ga babu abin karantawa da harshensa, ya bar wayarsa yadda take. Dokar 2001 ta jera harsunan ƙasa, kundin da aka kafa a Maris na 2025 kuma ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Wannan a takarda ne. A lissafin da kamfanoni ke dubawa, ba doka ake karantawa ba, abin da waya ta faɗa ake ƙirgawa.

Gyaran wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi. Tun daga Android 7, wanda ya fito a 2016, mai waya yana iya jera harsuna fiye da ɗaya bisa fifiko, burauza ma tana da nata jerin. Darasi guda a ajin manya ya isa a nuna wa ɗalibai yadda za su sa Hausa a sama, Faransanci a ƙarƙashinta, su kuma ɗora allon madannai mai ƙugiya. Ya kamata wannan darasi ya shiga jagoran malami, a wurin da ake koyar da baƙaƙen huɗu, kada a bar shi sai ƙarshen zango.

Dole a ambaci murya, ko da a gurguje. WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, ya kuma karɓu ƙwarai a wurin wanda bai yi karatu ba. A Oktoban 2024 Google ya ba da sanarwar sa Hausa cikin harsunan da ake iya nema da baki ko a yi wa waya shifta. Waɗansu suna ganin wannan zai kashe sha'awar koyon karatu. Mu ba mu ga haka ba, domin wanda ya yi nema da baki, amsa a rubuce take zuwa masa, kuma shifta tana iya zama malami in na'ura tana mai da furuci zuwa rubutu mai bin ƙa'ida: mutum ya ce ƙishi, ya ga ƙ ta fito. Sharaɗin shi ne na'urar ta ji shi. Irin waɗannan na'urori da muryoyin da aka tara ake horar da su, daidaitacciyar Hausa kuwa a kan Kananci aka gina ta. Mutumin Adar ko Gobir ko Arewa da ke cewa hwara da hwaɗi, yana cewa mishi a inda Bakano zai ce masa, ya kamata a gwada yadda na'ura ke karɓarsa, gari gari, da jimloli iri ɗaya, a buga sakamakon. Shirin Common Voice na Mozilla, inda kowa ke iya ba da muryarsa kyauta, yana da sashen Hausa, kuma ƙofa ce da muryoyin yamma za su iya shiga ta cikinta in an shirya masu ba da su. Masu ajami ma sun sami ci gaba, domin Unicode ya ƙara waɗansu haruffan da Hausa ke bukata a 2020, ko da yake samun lamba daban ne, samun wayar da za ta zana harafin daban.

Sauran magana ta ma'aikatu da cibiyoyin da ke riƙe da rubutun Hausa mai inganci ce. Tun daga makarantar gwaji ta Damagaram a 1973 an tara littattafan karatu, da ƙamusoshi, da jaridun karkara, da tatsuniyoyi da tarihin baka da aka rubuta bisa ƙa'ida. Mafi yawansu suna cikin kabad. Waɗanda aka ɗora a intanet kuwa, sau da yawa hoton takarda aka ɗauka aka haɗa shi fayil ɗaya mai nauyi. Irin wannan fayil yana cinye megan mai karatu kafin ya buɗe, ba ya daidaita da faɗin fuskar waya, sai an yi ta ja hagu da dama, injin nema kuma ba ya ganin ko kalma ɗaya a cikinsa, balle na'urar fassara ko ta shifta ta koyi rubutu daga gare shi. Littafin karatu mai shafi 40, in an sake buga shi a matsayin rubutu tsantsa, aka raba shi darasi darasi, aka sa wa kowane shafi alamar ha-NE, nauyinsa duka ba zai kai na hoto ɗaya da aka ɗauka da waya ba. Tsofaffin littattafan da aka rubuta kafin 1980 da tagwayen wasula, bisa tsarin Bamako, sai a fito da su siffa biyu, ta asali domin manazarta, da ta ƙa'idar 1999 domin ɗalibai.